Hannun da Zai Ɗaura wa Layla Zare

Asabar, 29 ga Nuwamba 1997, bayan la'asar

Kashsha ce ta jawo. Na rubuta wannan tun farko don in na manta in dawo in karanta.

Shekaranjiya da hantsi ina tsugune gaban murhun gawayina a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, bakin garejin da Maigida Hamid yake walda, sai mai shayin da ke gefena ta ƙwalla ihu, "Kashsha!" Motar masu kame ke nan, waɗanda ke kwashe wa mata masu shayi kayansu. Na suri murhu da garwashinsa, na rataya 'yan kujeruna a kafaɗa, na sheƙa bayan wata matacciyar babbar mota na laɓe. Ni mai jikoki a Gadarif, ga ni ina gudu da butar shayi! Da suka wuce na zo miƙewa, sai na ji wani abu ya riƙe ni a tsakiyar baya, ƙasa da kafaɗa kaɗan. To wa zai ɗauki wannan kaya a guje bayansa bai yi magana ba? Ko jaki ne sai ya yi kuka.

Na shafa man zafi. Gobe zai tafi.

Lahadi, bayan asuba

Yana nan.

Talata, 2 ga Disamba, bayan magariba

Yau mata suka taru a tsakar gidanmu a nan unguwar Mayo don rabon aikin bikin Layla. Layla 'yar Yaya Dogo ce, amma a ɗakina ta tashi tun da uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe. An sa rana, Juma'ar ƙarshe kafin azumi. Dangin angon, Saifuddeen, ba sa son a ja lokaci saboda yadda ake tare motoci ana sauke samari a kai su horon soja. Uwarsa ta ce in ma tafiyar ce, gara ya tafi da aure a kansa.

An raba girki, an raba wanke-wanke, aka zo kan jirtik. Iyayenmu ba su zo da jirtik daga ƙasar Hausa ba, a nan muka tarar da shi, amma yau ba amaryar Mayo da za ta yarda a kai ta ba a yi mata ba. A zaunar da ango da amarya a kan gado, a shafa musu turare a ka, a ɗaura musu jan zaren alharini a wuyan hannu. Kuma ba kowace mace ke ɗaurawa ba. Sai wadda mijinta ke raye, 'ya'yanta ke raye, jikinta lafiya lau, don abin da ke hannunta shi ke bin zaren ya shiga gidan amarya. Haka ake cewa. Masu cewa bidi'a ce ma, in an zo kan tasu 'yar sai ka ji sun yi tsit.

Hajja Khadiga, wadda ta girme mu duka, ko kallon kowa ba ta yi ba ta ce, "Wannan ai ba abin shawara ba ne. Wa ya kai Barira? Matar da ta leƙa kabari ta ce bai yi mata ba ta dawo? Wadda duk muka ci naman karamarta?" Karama ita ce yankan godiya da ake yi a nan in Allah Ya tsallakar da mutum.

Aka ɗau guɗa. Layla ta rungume ni ta baya, daidai wurin. Na yi dariya da ƙarfi don kada a ji ɗaya ƙarar.

Na ce, "Hajja, ga manya a zaune."

Ta ce, "Manya gwiwa ta cinye su, mazajensu ƙasa ta cinye. Ke dai wanke hannunki."

Na ce to. Da bakina na ce to.

Laraba, bayan azahar

Shekara uku ke nan da wani abu tun da aka cire mini nono na hagu. Likita ya kira shi saratan. Hadizatu, matar ɗalibin nan na Zariya da suka taɓa zama a gidanmu, wadda ta koya mini wannan rubutu ina kwance, ta ce a can gida ciwon daji suke cewa. Ni ba na kiransa da ko ɗaya. Inda aka cire ina cusa auduga. Mun tashi a Jazira muna tsintar wa mutane auduga, ga shi ta biyo ni har cikin riga.

Ranar da aka sallame ni Yaya Dogo ne tsaye a kaina, don Maigida ba ya iya jure warin asibiti. Likitan ya yi magana a hankali yana duban mu duka biyu. Ya ce in ta ji ciwon ƙashi, musamman na baya, wanda ba ya tafiya, wanda ya fi tsanani in ta kwanta, kada ku jira, ku dawo. Yaya ya gyaɗa kai. Shi kaɗai ne a duniya ya ji wannan magana tare da ni.

Tun ina kwance ya yi bakance: in ƙanwarsa ta fito da ƙafarta zai yanka maraƙi. Ba shi da maraƙi. Jaki yake da shi, wanda ke ja masa amalanke a wurin bulo a Aljirif. Ya sayar da jakin. Mayo kaf ta ci nama, har da waɗanda ba su leƙo ni ba ina jinya. Tun daga ranar a kafaɗa yake ɗaukar bulo.

Da wane ido zan kalli mutumin nan in ce masa

Kashsha ce.

Juma'a, 5 ga Disamba, bayan la'asar

Layla ta fara zaman dukhan, ramin hayaƙin nan da amare ke zama a kai don jiki ya yi kyau ya yi ƙamshi. Da ta tashi na ce kada a yi asarar garwashin, na ja bargon na lulluɓa na zauna. Tsofaffi na cewa yana zare sanyin ƙashi.

Ta leƙo tana ƙyalƙyala dariya. "La la, ya Gwaggo! Wace ce amaryar, ni ko ke? Wallahi bari in gaya wa Baba Hamid ya shirya."

Na ce, "Rufe mini baki, marar kunya. Ai da tsohuwar zuma ake magani."

Na yi zufa har tabarma ta jiƙe. Na ji dama-dama na ɗan lokaci, har na taya ta tsince shinkafa. Da na ɗan kishingiɗa sai ya dawo ya zauna inda ya saba, kamar ɗan haya.

Litinin, 8 ga Disamba, bayan magariba

Tun bayan karamar nan na zama asibitin unguwa. Duk wadda ta taɓa ƙullutu a ƙirjinta sai a ce a kai ta wurin Barira ta yi mata magana. Yau Mawahib ce, matar mai gyaran rediyo ta bayan layinmu, yarinya ce da goyo. Ta daɗe tana ɓoyewa, tana shafa man shanu da toka. Uwar mijinta ta kawo mini ita makon jiya, na yi alkawarin raka ta asibiti.

A cikin hafila, motar hayar da muke shiga zuwa cikin gari, kuka take ta yi a cikin mayafi. Ta ce, "Khala, ana khaifa, tsoro nake ji wallahi. In suka ce shi ne fa?"

Sai ga bakina ya buɗe da kansa. "In shi ne, gara ki san shi da wuri. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Dube ni nan, ba ga ni ba?" Ina faɗa ina ƙanƙame da ƙarfen kujera, don duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi har haƙorina.

Ta share ido ta ce, "Ke jaruma ce, Khala."

Asibitin yana nan yadda na bar shi, mutane daga Niyala, daga Kasala, kwance a gindin bishiya da tabarminsu suna jiran layi. Na kai ta har ƙofar likitan, likitana. Ma'aikaciyar da ke kiran suna ta gane ni. Ta ce, "Barira! Masha Allah, kin yi kyau. Lafiya dai? Ba abin da ke damun ki?"

Tambayar da nake jira ke nan tun ranar kashsha. Ƙofa a buɗe take, ina hango gefen farar rigarsa.

Na ce, "Alhamdu lillahi, rakiya na yi."

An ɗebi wani abu a jikin Mawahib, an ce ta dawo. A hanya ta kama hannuna ta sumbata. Na so in ce mata ta tofar. Wanzami ba ya son jarfa, yau na san da ni ake.

Talata, da hantsi

Ban fita shayi ba. Na ce mura ce.

Alhamis, 11 ga Disamba, bayan azahar

Ruku'u ya fara gagarata. Ina sakaya ƙofa in yi salla a zaune, kunnena na waje kada wani ya turo. Mace tana ɓoye wa mutane yadda take tsayawa gaban Ubangijinta, wannan wace irin rayuwa ce?

Maigida ya ce da safe, "Kin koma kwana a zaune kamar mai gadi." Na ce tunanin biki ne. Ya yarda, ko kuma ya ga damar yarda. Mutum ne da ke haɗa karyayyen ƙarfe da wuta, abin da wuta ba ta gyarawa ba ya son kallonsa. Tun da aka yi mini aikin nan bai taɓa ganin na canza riga ba, ni ma ban taɓa bari ba.

Tsoro ina jin sa, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Amma kunya ta fi shi ci na. An yi guɗa a kaina, an ce Allah Ya amsa, an cinye jakin mutum. Yanzu in fito in ce a dawo da guɗar?

Ga kuma zaren. In na yi shiru na ɗaura, me na ɗaura wa yarinyar nan a hannu? In na yi magana, biki ya koma zaman jinya, a ɗaga rana, azumi ya shigo, wa ya san inda za a kai Saifuddeen kafin salla. Duk inda na juya ni ce mai ɓata wa Layla.

Lahadi, 14 ga Disamba, bayan magariba

Na ce wa mutanen gida zan je kasuwar Omdurman sayen turaren jirtik. Na saya kuwa, don kada ƙaryar ta fita tsirara. Daga nan na hau motar Umbadda, inda na ji an ce akwai wata mai ƙaho da ke yi wa mata. A Mayo ma akwai masu ƙaho, har a layinmu, amma ƙahon Mayo kafin jini ya fito labari ya riga shi fita. Na ƙetare kogi, na canza mota, na ja mayafi har hanci, na yi mata sallama da Larabci na ce sunana Nabila.

Tsohuwa ce ramammiya mai ƙarfin hannu. Ta ce in kwanta rub da ciki, na ce a'a, sai dai a zaune. Ta ɗaga rigar ta baya, ta kafa ƙaho ta tsotsa, ta tsaga ta mayar. Ta ci gaba da aikinta. Can hannunta ya zagayo gefen haƙarƙarina ya taɓa bakin tabon. Ta tsaya. Ta leƙo fuskata.

Sai na ji Hausa garau. "Ke ba Barira ba ce, ƙanwar Dogo mai bulo? Ikon Allah! Ai na ci naman karamarki. Mota guda muka yi daga nan. Har ƙashi na ƙulle na kawo gida na yi miya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Bahaushe a Khartum, ko bangon duniya ka je, wanda zai buɗe maka ƙofa ya san kakarka a Jazira. Ni da na fi kowa sani, ni ce na manta.

Na ce, "Iya, kashsha ce, kaya na ɗauka."

Ta ce, "Uhm." Ta cire ƙahon tun jinin bai gama taruwa ba, ta goge ni, ta sauke mini riga da kanta. "'Yata, ƙaho na mataccen jini ne da ke ƙarƙashin fata. Wannan da kike nuna mini ba a fata yake ba."

Na ce, "Don Allah, Iya, bikin 'yarmu ya matso."

Ta ce, "Ni bakina ba rediyo ba ne." Amma ba ta rantse ba.

Talata, bayan asuba

Yanzu ciwo biyu ne, na ciki da na tsaga. Na ƙara wa kaina da kaina.

Laraba, 17 ga Disamba, da hantsi

Yau da sauƙi! Na share tsakar gida har ina waƙa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wataƙila tsumma ne. Wataƙila na zauna ina cin kaina a kan ciwon bayan da kowace mai shayi a Mantiƙa ke da shi.

Alhamis, bayan asuba

Ban sani ba. Ban sani ba.

Asabar, 20 ga Disamba, bayan magariba

Da asuba na yanke shawara: zan gaya wa Yaya, ya nemi wata ta ɗaura. Na soya masa ƙosai na zuba a kwano na kama hanyar Aljirif.

Bakin kogi na nan da hayaƙinsa da warin kashin shanu, bulo jere a rana har inda ido ya tsaya. Da can in ka hango kan da ya fi na kowa tsawo, to shi ne. Yau da hularsa na gane shi. Yana hawowa daga rami da bulo jere a kan katako a kafaɗa, wuya a karkace, yana taka gangaren a hankali. Dogo ya fara rage tsawo.

Ya sauke ya ce, "Wa ya mutu, Auta, da kika bar shayi?"

Na ce, "Ƙosai ne ya yi yawa."

Ya nuna mini tabarma a gindin bishiya. Na dubi tabarmar, ƙasa ta yi mini nisa. Na ce na gaji da zaman mota, na jingina da tulin bulo na tsaya. Ya ci ƙosansa a tsaye yana kallon kogi, ni ina kallon kafaɗarsa inda fatar ta yi kanta, baƙi ƙirin.

Na ce, "Yaya, da ma ba ka sayar da jakin nan ba."

Ya ce, "Wancan jakin? Malalaci, ci kawai ya iya. Ke kin fi shi amfani, ko da yake kin fi shi taurin kai."

"Yaya, maganar zaren nan."

"Uhm."

"Na ce ko a samu wata. Ko cikin dangin angon."

"Kun yi faɗa da Layla ne?"

"A'a."

"Hamid ya sake ki ne a hanya?"

"Haba, Yaya!"

"To."

Ya kakkaɓe hannu. Murfin kwanon ya zame daga kan bulo ya faɗi daidai ƙafata. Mu biyu muka kalle shi. Ni ce ƙarama, ni ya kamata in sunkuya. Na tsaya ina tunanin ta inda zan fara. Sai ya sunkuya ya ɗauka, ya goge da rigarsa, ya rufe kwanon ya miƙo mini. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Gai da gida. Kada ki tsaya a mota, ki nemi kujera."

Na dawo da maganata a baki yadda na tafi da ita. Matsoraciya. Na iya gaya wa 'yar mutane gaskiya a cikin hafila, na kasa gaya wa wanda muka sha nono ɗaya.

Litinin, bayan la'asar

Mawahib ta aiko. An ce shi ne, za ta koma ranar Lahadi a sa mata ranar aiki. Wai in yi mata addu'a, addu'ata karɓaɓɓiya ce.

Laraba, 24 ga Disamba, bayan azahar

Gida ya cika, an sa amarya a lalle. 'Yan Gadarif sun iso, jikokina na hawa bayana ina cewa su sauka kada su ɓata mini zani.

Da aka fita cin abinci na sakaya ƙofa na gwada. Gadon jirtik gajere ne, irin namu na igiya, mai ɗaurawa sai ta durƙusa ta sunkuya. Na durƙusa gaban gadona kamar ina ɗaurawa. Sauka na sauka. Tashi ne sai da na ja jiki na kama ƙyauren ƙofa, hawaye na zuba ba tare da na yi kuka ba. Jibi a gaban Mayo kaf zan yi wannan.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ni ce uwar ɗiyar.

Alhamis, bayan magariba

Hajja ta ce in wanke hannuna. Ina ta wankewa.

Asabar, 27 ga Disamba, da hantsi

An yi.

Jiya bayan la'asar ina ɗaki na gama ɗaura zani, tiren turare a gabana, ina jin kamar a ce gobara ta tashi a wani wuri kowa ya watse. Sai na ji Hajja Khadiga tana faɗa a tsakar gida. "Wane ne ya yi wannan aikin? Gadon jirtik ne ko teburin mai tsire? Da tsani amarya za ta hau?"

Na leƙa. An shimfiɗa wa gadon jar tabarmarsa, an fuskantar da shi alƙibla kamar yadda aka saba. Amma an ɗora ƙafafunsa a kan jan bulo, sababbi, an jera su a tsanake, har gadon ya kusa kawo mini ƙugu. Yaya Dogo na tsaye cikin farar jallabiya da jar ƙasa a hannun riga, shi kaɗai namiji a tsakiyar mata.

Ya ce, "Hajja, ƙasar nan da tururuwa."

Ta ce, "Wace tururuwa a wannan sanyin?"

Ya ce, "To 'yata ce, bulona ne. A sama nake son a gan ta."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce Dogo na tallar bulo a bikin 'yarsa. Ya bar su suna yi. Daga baya Maigida ya ce mini tun da sassafe Yaya ya kawo su daga Aljirif, a buhu, a cikin hafila, yana faɗa da yaron mota.

Ya zo wucewa ta ƙofar ɗakina. Na ce, "Yaya." "Ka sani, kuma za ka bari in ɗaura?"

Bai ko juyo sosai ba. Ya ce, "Hannun da ya yi mata wanka, ya yi mata kitso, ya ba ta tuwo a baki, shi ne zai cuce ta yau? Fito, Auta, ana jiran ki. Sauran maganar ta Lahadi ce."

Na fito. Aka hau da ango da amarya ana ta tsokanar tsawon gado. Na shafa musu turare a ka. Na ɗauki zaren. A tsaye nake, ban sunkuya ko kaɗan ba, wuyan hannun Layla na daidai hannuna. Ƙullin farko ya kwance. Ta ce a hankali daga cikin jan mayafinta, "Bi raha, ya Gwaggo, a hankali, ba inda za ni." Na sake ƙullawa. A zuciyata na ce, ya Allah, abin da ke jikina ya tsaya a jikina, abin da ke zuciyata shi ya bi zaren. Aka ɗau guɗa. Suka guntsi madara suka fesa wa juna, ita ta riga shi, mata suka ce shi ke nan ta mallake gida. Na yi kuka, kowa ya ɗauka na rabuwa ne, rabinsa kuwa shi ne.

Ko tsohuwar Umbadda ce ta gaya wa Yaya, ko murfin kwano ne ya tona ni, ban sani ba. Ban tambaya ba.

Lahadi, 28 ga Disamba, da hantsi, a kan bencin asibiti

Jiya bayan la'asar na gaya wa Maigida. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Nuna mini wurin." Na juya na ɗaga rigar, ga haske ko'ina a ɗakin. Ya ga tsagar ƙaho, ya ga komai. Ya ɗora hannunsa a wurin. Yanzu yana can ƙarshen benci ya toshe hanci da rawani, amma dai ya shigo.

Yaya ya iso tun ban gama karin kumallo ba. A mota ya sa wani saurayi ya tashi ya ba ni kujera. Na ce, "Yaya, in aka duba aka ce kashsha ce kawai fa?"

Ya ce, "Sai in yi karama."

"Da me? Ba jaki."

"Sai in sayar da Hamid."

Ban tambaye shi in kuma ciwon ne ba, shi ma bai kawo maganar ba.

Mawahib na cikin layin da goyonta. Tana hango ni ta taso da murna. "Khala! Wa kika rako yau?"

Kunyar ta taso mini har wuya. Amsar da na ba ma'aikaciyar nan tana nan a bakina, a shirye. Na haɗiye ta.

Na ce, "Yau ni aka rako."

Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta dubi yadda nake tsaye. Ta matsa ta ba ni wuri kusa da bango inda zan jingina, ta kama hannuna na hagu, har yanzu ba ta saki ba, shi ya sa rubutun nan ya karkace.

An fara kiran suna.